Jarumin Wane Ne? Batun 'Yan Luwaɗi da Mallakar Jarumai a Labaran Zane na Amurka

Tambaya: Malam, na ga labari cewa an mayar da Superman mai neman maza, kuma an ce kafin shi an yi wa Iceman da Robin haka. Me ya hana kamfanonin nan su ƙirƙiro sababbin jarumai su ba su wannan hali, maimakon su juya tsofaffin da mutane suka taso da su? Su kuma waɗanda suka ƙirƙiri jaruman tun farko, ba su da ta cewa ne?

Amsa: Malam, tambayoyinka biyu ne, amma igiya ɗaya ta ɗaure su, wato batun mallaka. Ba hukuncin addini ko na al'ada ka nema a wurina ba, saboda haka zan tsaya a kan yadda sana'ar mujallun labaran zane take gudana a Amurka, da wanda yake da iko a kan jarumi, da kuma dalilin da ya sa shawarar a ƙirƙiro sababbi a ƙyale tsofaffi, duk da sauƙinta a baki, take da wuya a aikace.

Bari in fara da gyara labarin da ka gani, domin kanun jaridu na watan Oktoba 2021 sun rikita mutane da yawa. Clark Kent, wato Superman ɗin da kowa ya sani tun 1938, yana nan da matarsa Lois Lane. Wanda aka yi maganar a kansa ɗansu ne, Jon Kent, wanda Dan Jurgens ya ƙirƙira a 2015, kuma ya ari sunan mahaifinsa na wani lokaci a mujallar Superman: Son of Kal-El. A fitowa ta 5, wadda Tom Taylor ya rubuta, John Timms ya zana, aka nuna cewa yana sha'awar maza da mata duka. Shekararsa shida kacal a duniyar ɗab'i lokacin da aka yi haka. Robin ɗin da ka ji kuwa Tim Drake ne, na uku a jerin yaran da suka riƙe wannan suna, wanda ya fara fitowa a 1989. Iceman ne mafi tsufa a cikinsu, domin Stan Lee da Jack Kirby sun fito da shi tun 1963 a cikin rukunin X-Men na farko, kuma sai a 2015 aka ce ɗan luwaɗi ne.

Amsar tambayarka ta biyu gajera ce: a Marvel da DC, manyan kamfanoni biyu na wannan sana'a a Amurka, mai ƙirƙira ba shi da ta cewa. Tsarin da ake aiki da shi irin na ƙodago ne. Ana biyan marubuci da mai zane kuɗin kowane shafi, kuma duk abin da ya fito daga alƙalaminsu, har da sabon jarumi da sunansa da tufafinsa, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka tana ɗaukarsa kayan kamfani ne tun ranar da aka yi shi. Matsayinsu kamar na magini ne: ko shi ya tsara gidan ya aza kowane tubali, idan mai gida ya ga dama gobe ya rushe zaure ya buɗe shago, ba sai ya nemi izininsa ba. Tun daga tushe haka abin ya faro. A watan Maris 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da Superman kacokan a kan dala 130, wato dala goma a kan kowane shafi na labarin farko mai shafi 13. Sun yi shari'a ba su karɓo shi ba, aka ma cire sunayensu daga mujallar, kuma sai a ƙarshen 1975, da halin talaucin da suke ciki ya zama abin kunya ga kamfanin a daidai lokacin da ake shirin babban fim, aka yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara tare da mayar da sunayensu. Iyalan Jack Kirby, mutumin da hannunsa ya zana mafi yawan jaruman Marvel na shekarun 1960, sun fafata da kamfanin har zuwa Satumba 2014, inda aka sasanta kwanaki kaɗan kafin Kotun Ƙolin Amurka ta zauna ta duba ko za ta saurari ƙarar.

Misalin da ya fi dacewa da tambayarka shi ne na Shatterstar, wani mayaƙi mai takubba da Rob Liefeld da Fabian Nicieza suka ƙirƙira wa Marvel a 1991. Marubutan da suka biyo baya sun riƙa nuna cewa akwai shaƙuwa ta musamman tsakaninsa da abokin yaƙinsa Rictor, ba tare da sun fito fili ba, har zuwa 2009, lokacin da Peter David ya sa suka sumbaci juna a fitowa ta 45 ta X-Factor. Liefeld ya fito ya ce shi ya ƙirƙiri jarumin, shi ya tsara kamanninsa, kuma a saninsa ba ɗan luwaɗi ba ne, yana ma jiran ranar da zai warware abin da aka yi. Ranar ba ta zo ba. Marvel ta bar labarin yadda David ya rubuta shi, domin Liefeld ya karɓi ladansa tun 1991, kuma a gaban doka ra'ayinsa a kan Shatterstar bai fi na kowane mai karatu nauyi ba. Shi kansa ya fi kowa sanin haka, tunda yana cikin masu zane bakwai da suka fice daga Marvel a 1992 saboda wannan tsari.

Sai dai wanda zai kafa hujja da niyyar mai ƙirƙira ya kamata ya san cewa hujjar ba a gefe ɗaya take tsayawa ba, domin a tsawon shekaru masu yawa marubuta ne suke son nuna irin waɗannan jarumai, kamfani yana hana su. Asalin hanin ya koma 1954. A shekarar wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi, Seduction of the Innocent, yana ɗora wa mujallun zane alhakin lalacewar tarbiyyar yara, kuma a ciki ya ce zaman Batman da Robin a gida ɗaya tamkar mafarkin 'yan luwaɗi ne. Wani kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zaman jin ba'asi a New York, kamfanonin suka ji tsoron kada gwamnati ta sa musu takunkumi, sai suka yi rigakafi, kafin ƙarshen shekarar suka kafa hukumar tace kansu da kansu, Comics Code Authority. Ƙa'idojinta sun haramta duk abin da ta kira karkatacciyar sha'awa, ko da ishara ce, kuma mujallar da ba ta ɗauke da hatimin hukumar a bangonta, yawancin dillalai ba sa karɓa. A 2012 wata malamar jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta bi takardun Wertham ta nuna cewa ya sassauya maganganun yaran da ya kafa hujja da su, amma a lokacin bakin alƙalami ya daɗe da bushewa. A 1956 DC ta kawo Batwoman, Kathy Kane, a matsayin mai son Batman, abin da masu tarihin sana'ar da yawa suke ɗauka amsa ce ga zargin Wertham. Shekara 50 cif bayan haka, a 2006, kamfanin ya sake fito da Batwoman da sunan Kate Kane, wannan karon 'yar maɗigo.

Labarin Northstar ya nuna yadda hanin yake aiki daga ciki. Chris Claremont da John Byrne suka fito da shi a 1979, ɗan Kanada mai jin Faransanci, gwanin tseren kan ƙanƙara, mai saurin da ido ba ya iya bi. Da aka ba Byrne mujallar Alpha Flight a 1983, ya yanke shawarar cewa Northstar ɗan luwaɗi ne, amma ga ƙa'idar hukumar tacewa, ga kuma babban editan Marvel na lokacin, Jim Shooter, wanda bai yarda a fito da maganar ba, don haka sai ya koma yin hannunka-mai-sanda. Bill Mantlo, wanda ya gaje shi, ya fara nuna jarumin yana fama da tari da rashin lafiya, da nufin ya kai labarin ga cutar ƙanjamau. Editoci suka taka masa birki, aka ƙare da cewa wai jarumin jinin wasu halittu ne masu kama da aljanu, kuma zama a duniyar mutane ne yake sa shi ciwo. An sassauta ƙa'idar hukumar a 1989, sannan a 1992, a fitowa ta 106 da Scott Lobdell ya rubuta, Northstar ya faɗi da bakinsa. Fitowar ta ƙare a kasuwa cikin ɗan lokaci, jaridar New York Times ma ta yi sharhi a kai, amma Marvel ta ja da baya, ta yi shekaru tana kewaye zancen, har a 'yar gajeriyar mujallar da aka yi masa shi kaɗai a 1994. A 2012 aka nuna aurensa da Kyle Jinadu a fitowa ta 51 ta Astonishing X-Men, shekara guda bayan jihar New York ta halatta auren jinsi. Daga niyyar Byrne zuwa wannan rana kusan shekara 30 ke nan, kuma a kowane mataki kamfani ne ya zaɓi lokacin.

Claremont ya sha irin wannan da Mystique da Destiny, mata biyu da ya ɗauka masoya ne tun farkon shekarun 1980. Da aka hana shi faɗa, sai ya sa wata tsohuwar kalmar Turanci mai nufin masoyi a bakin wani mugu, kalmar da masu karatu kaɗan ne suka san ma'anarta, kuma sai a 2024 Marvel ta nuna bikin su biyun. Ko bayan rushewar hukumar tacewa a 2011 ikon bai koma hannun marubuta ba. A Satumba 2013 J. H. Williams III da W. Haden Blackman suka ajiye aikin mujallar Batwoman, suna cewa an hana su nuna auren Kate Kane da Maggie Sawyer bayan sun riga sun nuna baikonsu. Bayanin da shugaban ɗab'in DC na lokacin, Dan DiDio, ya bayar shi ne cewa jaruman gidan Batman bai kamata su sami kwanciyar hankali a rayuwarsu ta gida ba. Wannan bayani bai gamsar da mutane da yawa ba, ko da yake gaskiya ne cewa kamfanin ya riga ya shafe auren Superman da Lois a 2011 (daga baya ya dawo da shi), kamar yadda Marvel ta shafe na Spider-Man a 2007, saboda editoci suna ganin jarumi mai iyali yana tsufa a idon mai karatu.

Shawarar da ka kawo, ta a ƙirƙiro sababbi, ita ce Stan Lee ya bayar a 2015. A shekarar takardun kamfanin Sony da aka kwarmata sun nuna cewa yarjejeniyarsa da Marvel ta tanadi cewa Peter Parker, wato Spider-Man, na fim dole ya kasance farar fata mai son mata. Da aka tambayi Lee, ya ce bai ga dalilin sauya jarumin da aka riga aka kafa ba, alhali ana iya ƙirƙirar sababbi. Ka lura cewa a nan ma rubutacciyar yarjejeniya tsakanin kamfanoni biyu ce ta tsare Peter Parker a yadda yake, ra'ayin Lee ya zo ne daga baya.

To me ya hana a bi shawarar? Abu na farko shi ne marubuta da yawa sun daina kai wa manyan kamfanonin sababbin jarumansu masu kyau. Sun ga abin da ya sami Siegel da Kirby, sun kuma ga na zamaninsu. Ed Brubaker, wanda shi da Steve Epting suka fito da Winter Soldier a 2005, ya faɗa a 2021 cewa kuɗin da yake samu daga 'yar fitowar da ya yi a fim ɗin jarumin ya fi abin da ya samu na ƙirƙirar jarumin kansa. Labarin America Chavez ya fi kusa da batunmu. Joe Casey da Nick Dragotta suka ƙirƙira ta a 2011, Kieron Gillen da Jamie McKelvie suka nuna cewa mata take so a mujallar Young Avengers da suka fara a 2013, Marvel kuma ta sa ta a fim ɗin Doctor Strange na 2022. Casey ya fito ya ce tayin da aka yi masa bai taka kara ya karya ba, ya ƙi karɓa. Marubucin da ya ga wannan, idan wani jarumi mai kyau ya zo masa a zuci, ɗan luwaɗi ne ko wani iri, zai ɓoye shi ya kai inda zai mallake shi, ya bar wa Marvel da DC aikin juya kayan da suke da su a rumbu.

Abu na biyu kasuwa ce. Mujallun wata-wata, masu shafi 20 da 'yan kai, a shaguna na musamman ake sayar da mafi yawansu, kuma mai shago yakan yi oda tun makonni kafin kaya su fito, da sharaɗin cewa abin da ya yi kwantai nasa ne, ba a mayarwa. Mutumin da kuɗinsa ne zai nutse ba zai yi caca da sunan da babu wanda ya sani ba. Zai cika kanta da Batman da Spider-Man, ya ɗauki kwafi biyu ko uku na sabon jarumi, kuma da wannan oda ta masu shaguna kamfani yake yanke hukuncin ci gaba ko dakatarwa, sau da yawa tun kafin masu karatu su gama sanin jarumin. Wannan matsala ba ta bar sabon jarumi ko wane iri ba, kuma sababbin 'yan luwaɗin da aka gwada sun faɗa cikinta. Extraño, wanda Steve Englehart da Joe Staton suka yi wa DC a 1988, an cika masa kwarkwasa har ya zama abin dariya, ya ɓace shekara da shekaru. Freedom Ring, wanda Robert Kirkman ya yi wa Marvel a 2006, fitowa biyar kawai ya yi aka kashe shi a cikin labarin, abin da Kirkman ya nuna nadamarsa daga baya.

Waɗanda suka rayu kuwa, idan ka duba, sababbin mutane ne a cikin tsohuwar riga. Wiccan da Hulkling, samari biyu masoya da Allan Heinberg da Jim Cheung suka ƙirƙira a 2005, an fito da su da kamanni da sunaye masu tuna wa mai karatu da Avengers, rukunin manyan jaruman Marvel, daga baya kuma aka ɗaura su da tsofaffin jarumai ta hanyar jini. Kate Kane ta sa alamar jemage ta Batman, Jon Kent ya sa jan mayafin mahaifinsa. Saboda haka abin da ka gani a 2021 shi ne tsaka-tsakin da kamfanin ya samo: sabon jarumi ne kamar yadda kake nema, amma da sunan da mai shago zai yi oda, jarida kuma ta yi kanu da shi. Ko tsohon sunan ma ba lamuni ba ne. Mujallar Iceman da Sina Grace ya fara rubutawa a 2017 an dakatar da ita a fitowa ta 11 kafin a dawo da ita na ɗan lokaci, ta Jon Kent kuma ta tsaya a fitowa ta 18.

A wajen manyan kamfanonin biyu lissafin daban ne. Image Comics, wanda Liefeld da Todd McFarlane da Jim Lee da abokansu huɗu suka kafa a 1992, an gina shi a kan ƙa'ida guda, cewa kamfanin ba ya mallakar jarumin kowa. A can Kirkman ya rubuta Invincible daga 2003 zuwa 2018, fitowa 144, kuma a tsakiyar tafiyar ya nuna cewa William, babban abokin jarumin, ɗan luwaɗi ne. Da aka mayar da labarin shirin zane mai motsi a Amazon a 2021, aka nuna William a haka tun daga farko. Babu wanda ya iya cewa an ci amanar mai ƙirƙira, tunda shi ne da kansa ya yi. Milestone Media, wanda Dwayne McDuffie da Denys Cowan da Michael Davis da Derek Dingle suka kafa, duk baƙaƙen fata, ya fara fitar da mujallu a 1993 bisa yarjejeniyar cewa DC za ta buga ta rarraba, su kuma su riƙe haƙƙin mallaka. A mujallarsu Blood Syndicate, wadda Ivan Velez Jr. ya rubuta, akwai Fade, ɗan luwaɗi mai ɓoye halinsa ga 'yan ƙungiyarsa, da Masquerade, wanda aka haifa mace amma yake rayuwa a matsayin namiji. Wannan yana faruwa ne a daidai shekarun da Marvel take kewaye zancen Northstar. Amma Milestone ya daina fitar da mujallu a 1997, wanda ya nuna cewa mallakar jarumi tana ba ka damar faɗin abin da kake so, ba ta kawo maka masu saye.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga Image na marubucinsa ne, domin waɗanda suka kafa shi su ma sun ɗauki ma'aikata da irin sharaɗin da suka gudo wa. Apollo da Midnighter, waɗanda Warren Ellis da Bryan Hitch suka ƙirƙira a 1998 da siffofin Superman da Batman amma a matsayin masoya, kayan Wildstorm ne, ɓangaren Jim Lee a cikin Image. Da Lee ya sayar wa DC ɓangaren nasa, suka bi kaya, kuma a ƙarƙashin DC aka nuna aurensu a 2002. Mafi ban mamaki shi ne labarin Angela. Neil Gaiman ya rubuta ta a fitowa ta 9 ta Spawn, mujallar McFarlane, a 1993, McFarlane ya ɗauka tasa ce, Gaiman ya kai ƙara a 2002 ya yi nasara, aka sasanta a 2012. Da ta zama tasa shi kaɗai, sai ya sayar da ita ga Marvel, wadda ta shigo da ita a 2013, ta mayar da ita 'yar'uwar Thor, sannan marubutanta suka haɗa ta soyayya da wata mai suna Sera. Jarumar da aka yi shekara goma ana shari'a a kanta da sunan haƙƙin mai ƙirƙira ta ƙare a hannun kamfani, yana yin yadda ya ga dama da ita.

Idan ra'ayina kake so a matsayin mai nazarin labari, tsufan jarumi ko sabuntarsa bai dame ni kamar yadda aka yi aikin ba. Yadda Brian Michael Bendis ya yi da Iceman a fitowa ta 40 ta All-New X-Men aikin gaggawa ne. Jean Grey, abokiyar aikinsa a X-Men, ce ta leƙa zuciyarsa da baiwarta ta karanta tunani, ta ja shi gefe ta gaya masa abin da yake, cikin 'yan shafuka, bayan shekara 52 ana nuna shi yana neman mata, kuma har a cikin masu karatu 'yan luwaɗi an sami waɗanda suka soki wannan salo. Ka gwada shi da Renee Montoya, 'yar sandan Gotham, birnin Batman, da ta fara fitowa a 1992. A 2003 Greg Rucka da Michael Lark suka yi labari mai fitowa biyar a Gotham Central, inda aka tona asirinta aka liƙa hotonta a ofis, suka bi abin da ya biyo baya tsakaninta da abokan aiki da iyayenta masu riƙo da addini, waɗanda suka juya mata baya. Ita ma tsohuwar jaruma ce aka sauya, amma labarin ya ci lambar Eisner, mafi girma a sana'ar, a 2004, domin ya ɗauki al'amarin a matsayin abin da yake da nauyi ga mutum da danginsa. Na Alan Scott, Green Lantern na 1940, yana da nasa dalilin: da DC ta sake tsara duniyarta ta mayar da shi saurayi, ɗansa Obsidian, wanda ɗan luwaɗi ne, ya fita daga labari, sai marubucin, James Robinson, ya ɗora halin a kan uban a 2012.

Akwai kuma lissafin ƙetare, wanda ya sa kamfanonin suka fi sakin jiki a takarda fiye da a majigi. Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, kuma fim mai cin ɗaruruwan miliyoyi yana bukatar kasuwannin duniya. Ba a nuna Eternals na 2021 a Saudiyya da Kuwaiti da Katar ba saboda jarumi Phastos da mijinsa, haka kuma Saudiyya ba ta nuna Doctor Strange na 2022 ba. Takardar ma takan gamu da nata: a Satumba 2019 magajin garin Rio de Janeiro a Barazil, Marcelo Crivella, ya ba da umarnin a janye littafin Avengers mai hoton Wiccan da Hulkling suna sumbatar juna daga baje kolin littattafai na birnin, littafin ya ƙare nan take, Kotun Ƙolin ƙasar kuma ta hana kwashewar.

Saura abu ɗaya da zai sauya amsar tambayarka nan gaba kaɗan. A dokar Amurka, haƙƙin mallakar ayyukan da aka buga a wancan zamani yana ƙarewa ne bayan shekara 95. Labarin Superman na farko zai fita daga hannun DC a ranar 1 ga Janairu 2034, na Batman kuma a 2035. Daga ranar, kowane marubuci zai iya ɗaukar Superman na 1938, wanda tsalle yake yi bai fara tashi sama ba tukuna, ya rubuta shi yadda ya so, ya buga ya sayar. DC za ta ci gaba da riƙe sunan da alamar ƙirji a matsayin tambarin kasuwanci, da duk abin da aka ƙara wa jarumin a shekarun da suka biyo baya, har da ɗansa Jon.